Kan da Ba a Taɓawa

"Ki ja da kyau mana, Kalo. Yau hannunki kamar na wadda ba ta karya ba."

Kalolaine ba ta ɗago ba. Ta ƙara zagaya filasta a idon sawun saurayinta Lisiate, ta yanke da haƙori, abin da Malama Kinsella mai koya mata aiki ta sha hana ta.

"Ba ƙafarka ce damuwata ba," ta ce. "Yaya Semisi ne."

"Mun gama wannan maganar."

"Kai ka gama! Ni ce na gan shi ranar Alhamis yana amai bayan motoci, bayan sun gwara kai da Maka. Jiya ko hasken falo bai iya kallo ba."

Lisiate ya waiga ya ga ɗakin ɗaurin babu kowa, sannan ya sassauta murya. Ya san muryar da ke narkar da ita, shi ya sa yake ajiye ta sai ranar buƙata.

"Rabin raina... minti tamanin ne kacal. Mutumin babbar ƙungiya ya taso tun daga Sydney saboda Semisi. Shekara nawa Babanku yana ɗaukar kaya a sito yana jiran yau? Ki bari a tashi wasa, ni da kaina zan kai shi asibiti."

"In na ga abu, dole in faɗa wa Malama. Ƙa'idar ɗaliba ke nan."

"Ƙa'ida ce ta haife ki?"

Maganar ta soke ta. Ya gane, ya miƙo hannu zai kama nata, ta janye.

"Ki yi mini wannan ɗaya, masoyiyata. In kika faɗa, da wane ido zan zo gidanku neman aure? Za a ce kyaftin guda ya kasa riƙe budurwarsa, ta kashe wa yayanta kasuwa."

Ya sa takalminsa ya fita, ƙusoshin ƙasan takalmin suna ƙara a siminti.

Yau ce ranarta ta ƙarshe a horon aiki. Wata huɗu tana bin wannan ƙungiyar ragbi ta unguwarsu a garin Logan na Ostareliya, tana ɗaure ƙafafu, tana ɗaukar ƙanƙara, tana koyon bambanta mai ciwo da mai raki. Da an hura usur na ƙarshe Malama Kinsella za ta sa hannu a takardarta, jami'a ta sallame ta a matsayin mai jinyar 'yan wasa. Cikin wata huɗun nan kuwa ba ta taɓa sa wa Semisi hannu ba ko sau ɗaya. Su 'yan asalin tsibirin Tonga haka suka tashi: 'yar'uwa ba ta zama ɗaki ɗaya da ɗan'uwanta, ba ta taɓa jikinsa, balle kansa. Shi kuma ko ya girme ta, maganarta tana bisa tasa. Tun makon farko ta yi wa Malama bayani, matar ta ce ba komai, ita za ta riƙa duba shi.

Sau biyu Kalo ta nufi Malama. Na farko ta tarar tana gardama da koci kan gwiwar wani. Na biyu har ta buɗe baki.

"Malama..."

"Na'am? Yi sauri, yarinyata, ruwan sha bai iso ba."

Ta hango Mama a kan benci da 'yar tabarmarta ɗaure a ƙugu irin shigar 'yan Tonga, matan coci kewaye da ita da kulolin gwaza da naman rago, ana ta waƙa tun ba a fara ba. Baba yana tsaye shi kaɗai, ya kasa zama.

"Ba komai... almakashi nake nema."

Almakashin yana aljihunta. Wallahi ta tsani kanta a lokacin.

Aka take wasa. Kalo ta kasa tsayawa wuri ɗaya, ta je ƙarshen layi, ta dawo, ta buɗe jakar magani ta rufe. Semisi yana wasa kamar ba gobe, duk wanda ya tare shi sai ya kwashi ƙasa, mutumin Sydney yana ta rubutu a ɗan littafinsa. Har zuciyarta ta fara ce mata ƙila Lisiate ne da gaskiya.

Minti goma da dawowa hutu, wani yaronsu ya goce kafaɗa a can ɗaya gefen, Malama ta ruga wajensa. Ba a ko tsayar da wasa ba. Semisi ya karɓi ƙwallo, ƙarti biyu suka haɗu a kansa, ƙeyarsa ta daki ƙasa.

Bai motsa ba.

Kalo ba ta san lokacin da ta shiga fili ba. Ta zube a gwiwa ta saitin kansa. Abin da aka koya mata ke nan tun ajin farko: wanda ya faɗi haka, a riƙe kansa kada wuya ya motsa. Hannayenta suka tsaya a iska. Ta ji waƙar matan coci ta yanke tsaf.

Ta sa tafukanta biyu ta riƙe kan yayanta.

"Kalolaine!" Muryar Mama ce ta keto fili.

Semisi ya buɗe ido, ya ga fuskar ƙanwarsa a juye a samansa, ya zabura.

"Ke! Cika ni... mutane na kallo!"

"Kada ka motsa."

Lisiate ya iso yana haki. "Ya farfaɗo ai! Kalo, sake shi ya miƙe kafin alƙali ya fitar da shi. Tashi, ɗan'uwa, tashi!"

"Yaya, a wane fili muke?" ta tambaya.

"Filinmu mana."

"Wa ya ci na ƙarshe?"

Idanunsa suka yi ta yawo.

"Wane rabi muke ciki?"

"Ba a... ba a fara ba tukuna, ko?" Ya dubi Lisiate. "Ka ɗaure ƙafar taka?"

Fuskar Lisiate ta canza. Shi da Semisi tare suka ci ƙwallon ƙarshe, ko minti biyar ba a yi ba.

Semisi ya sake yunƙurawa. Ƙato ne, da ya so da hannu ɗaya zai ture ta, kuma ya san ɗaliba ba ta da ikon fitar da kowa daga fili. Kalo ta sunkuyo daf da kunnensa, hawayenta na ɗiga a goshinsa.

"Ba ɗaliba ce ke maka magana ba, Semisi. 'Yar'uwarka ce. Tun da aka haife ni ban taɓa ba ka umarni ba. Yau na ce ka kwanta."

Jikinsa ya saki. Ya rufe ido ya kwanta.

Lisiate ya miƙe ya ɗaga hannu biyu yana kwarma wa alƙali ihu. "Tsayar da wasa! A kawo gadon ɗauka!"

Da aka sa Semisi a motar asibiti, Malama Kinsella ta dafa kafaɗar Kalo. "Riƙon nan ya yi. Kawo takardarki."

Ga alƙalami a hannun matar. Shiru kawai za ta yi ta zama ma'aikaciya.

"Malama, tun Alhamis na sani. Na ga yana amai, na ɓoye miki."

"Ni na sa ta!" Lisiate ne a bayansu. Ya tuɓe rigar wasa, ya bar ƙungiyarsa a fili saura minti ashirin. "Ni na roƙe ta, laifina ne."

"Kai ba ɗalibina ba ne," Malama ta ce, ba ta ko dube shi ba. Ta mayar da alƙalamin aljihu. "Ba zan sa hannu ba, Kalolaine. Za ki maimaita horon baɗi, a wajena. Da ba ki faɗa ba na gano daga baya, da ko baɗi ba ki samu ba."

Kalo ta gyaɗa kai. Ya yi mata zafi ƙwarai, amma a karon farko tun Alhamis numfashinta ya sauka har ciki.

La'asar ta yi suna asibiti. Likita ya ce ƙwaƙwalwa ta girgiza sau biyu cikin kwana uku, da ya tashi ya ƙara na uku, Allah kaɗai ya san sauran. Mutumin Sydney tuni ya kama hanyar filin jirgi. Baba ya ji bayanin, ya zauna a karon farko a ranar, ya rufe fuska da hularsa.

Kalo tana tsaye a bakin ƙofar ɗakin, ba ta shiga ba, kamar yadda aka saba. Mama ta fito ta tsaya gabanta. Kalo ta sunkuyar da kai tana jiran faɗa. Sai Mama ta kamo hannayen nan biyu, ta juya su tana kallo, ta kai su fuskarta ta fashe da kuka.

Lisiate yana jingine da bango, filastar da ta ɗaura masa da safe har yanzu tana ƙafarsa.

"Kalo... ban cancanci ki dube ni ba. Na kusa sa ki binne yayanki saboda kunyar idon mutane. In kin ce in tafi, zan tafi."

"Ka san abin da ya fi mini ciwo? Da muryar da nake so ka roƙe ni."

"Na sani, zuciyata. Ba zan ƙara ba har abada."

Da ya kama hannunta wannan karon ba ta janye ba.

"Kyaftin!" Muryar Semisi ce daga kan gado, a dishe. "Har yanzu kana son auren nata?"

"Fiye da jiya."

"To ka ji shawarar wanda ya ɗanɗana. Ranar da ta ce maka kwanta, kada ka tsaya gardama."

Baba ya yi dariya cikin hularsa. Kalo ma ta yi, hawaye na zuba.

"Kalolaine," Semisi ya sake kira, a hankali. "Shigo mana. Yau dai ki shigo."