Ƙyauren da Ba a Rufewa

Mun gama cin tuwo ke nan wuta ta ɗauke. Yaya Hansai, 'yar Baffa Korau, ta jawo tabarma tsakar gida, muka kewaye ta. Washegari za a kai ajinsu Ilu ƙanena gidan tarihi, tun rana yake cika mana baki.

"Kai Ilu," in ji Yaya Hansai, "in kun je, taɓa duk abin da ka ga dama, iyaka a mare ka. Amma ƙyauren nan da ke buɗe, kada ka kuskura ka tura shi."

"Saboda me?"

"Matso ka ji." Ta juyo gare ni. "Ke Dije, saki zanena, ba gudu zan yi ba. Wannan ba tatsuniya ba ce, kada wanda ya ce mini ta zo mu ji ta. A kaina ya faru."

Ta rage murya, ta fara.

*

Gidan tarihin garin nan ɗan ƙarami ne. Akwai sulke mai tsatsa, da tambarin da ya fashe, da akussa, da wuri cikin ƙwarya, da wata bindiga harba-ka-ruga da ko kaza ba za ta kashe ba yanzu. Babana, Baffanku Korau, shi ke kula da su. Ya share, ya goge, in baƙi sun zo ya yi musu bayani. Baƙin ma 'yan makaranta ne, sai jefi-jefi wani mai tabarau daga birni.

A ɗakin ƙarshe ƙyauren yake. Ba kawo shi aka yi ba, nan aka same shi. Shi ne ƙyauren ƙofar yamma ta garin nan namu, Garun Kanya. Da ganuwa ta zube, sai aka gina ɗaki aka kewaye shi a inda yake tsaye. Ka zaga gabansa, ka zaga bayansa, duk ɗaki ɗaya ne. Amma kullum a buɗe yake misalin tafin hannu, da dutse a tokare.

A zamanin mahara, Sarkin Ƙofa Jatau ne ke riƙe da shi. Al'adarsu, in rana ta faɗi ba a rufewa sai Sarkin Ƙofa ya leƙa ya yi kira, "Da saura a waje?" In an amsa, ya jira. In shiru, ya rufe.

Wata rana da almuru aka hango dawakai daga yamma. Mutane suka rugo ciki. Babu lokacin kira. Jatau ya sa kafaɗa ya tura, ya danna sakata.

Sai ya ji ana buga ƙyaure.

Matarsa ce, Tambai. Ta je ɗibar ruwa rijiyar bayan gari, ta bar jaririyarta tana barci a ɗaki.

"Jatau, buɗe! Yarinya ba ta sha ba!"

In ya buɗe, gari ya tafi. Bai buɗe ba. Da gari ya waye babu Tambai, babu tulunta, sai gammonta a ƙasa.

Daga ranar Jatau ya sa aka yi wa ƙyauren sarƙa, yadda zai bar tafin hannu. Mutum ba zai wuce ba, amma ba a ce an rufe ba. Jaririyar kuwa aka riƙa ce mata Talle. Ita ce kakar kakan babana. Kai Ilu, rufe bakinka, ƙuda zai shiga. E, jininta ne ke yawo a jikinka.

To, Baba ya san labarin nan sarai, shi ke ba wa baƙi. Amma abin da ka faɗa sau dubu, sai ya zame maka waƙa, ka daina jin abin da ke ciki. Rannan 'yan makaranta suka zo. Wata yarinya ta zura hannu a kafar, wani ɗan banza ya jingina da ƙyauren, ya matse mata yatsa. Ta yi ta ihu. Kun san Baffanku da taushin zuciya. Suna tafiya ya ce wannan kafa wata rana sai ta guntule wa ɗan wani hannu. Ya zare dutsen. Ya tura.

Ya ce ƙyauren bai yi ƙara ba ko kaɗan. Wani dogon numfashi kawai ya ji, ya ɗauka iska ce.

Lokacin ban daɗe da yin arba'in ba. Gidanmu yana sabuwar unguwa, bayan inda ganuwa take a da, wajen yamma. Ku riƙe wannan. A waje muke.

Da magaribar ranar na fara kuka. Innata ta ba ni nono, na kau da kai. Aka ce ciwon ciki ne. Aka kai ni asibiti, suka duba, ba su ga komai ba. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi. Da rana in yi lamo kamar tsumma, rana na faɗuwa in fara. Har maɗigata ta faɗa, muryata ta dushe.

Sai sawu ya fara bayyana.

Bazara ake, ƙasa a bushe ƙamas. Amma da safe Inna ta ga sawun ƙafa a ƙofar gida, jiƙe sharkaf. Ƙafar mace, ba takalmi. Washegari yana cikin zaure. Washegari kuma tsakar gida, kusa da turmi. Abin da ya ɗaure musu kai, yatsun duk waje suke kallo. Sawun fita ne, babu na shiga. Baba ya ce, "To, ko ma wace ce, tunda fita take yi, da sauƙi."

Ranar da aka ga sawun a bakin ɗakin Inna, Baba ya hau keke ya tafi wani ƙauye karɓo magani. Rana ta faɗi yana hanya. Don ya yanke, ya bi ta tsohuwar rijiyar bayan gari, shi kaɗai.

Daidai kukar da ke bakin rijiyar sarƙar kekensa ta zame.

Ya sauka ya tsuguna. Gyare sun yi shiru. Ko ganye ba ya motsi. Sai ya ji sanyi a wuyansa, irin na bakin randa.

"Sannu da hanya, ɗan nan."

Ya ɗaga kai. Mace ce a tsaye, da tulu a ka, babu gammo. Zanen saƙi baƙi ɗaure a ƙirji, irin wanda yake gogewa a gidan tarihi. Gaban zanen a jiƙe. Tana gabansa, amma muryar daga ƙasa take fitowa, can cikin rijiya.

"Yauwa, Inna. Sannu."

"An rufe ƙofa."

"Wace ƙofa, Inna? Garin nan ai ba ganuwa."

"An rufe. Kullum nakan shiga in ajiye ruwa in fito. Yanzu na zaga, na zaga."

Baba ya sunkuyar da kai don ladabi. Nan idonsa ya faɗa kan ƙafafunta.

Dugadugan ne a gaba. Yatsun suna baya.

Ke Dije, in za ki yi fitsari ki yi haƙuri, ba mai raka ki yanzu.

Nan take ya gane. Sawun da suke gani ba na fita ba ne. Shiga take yi. Kullum tana ƙara matsowa.

"Amma na ji kukan yarinyata," in ji matar. "Ashe a waje take. Gida mai darbejiya. Ba ta sha ba."

Gidanmu ke nan. Mu kaɗai ke da darbejiya a layin.

"Yau zan ɗauke ta. Mu zauna bakin rijiya, ni da ita."

Baba ya ce ya nemi addu'a a bakinsa, farkon kowace ya zo, ƙarshen ya ɓace. Da ƙyar ya haɗa bisimilla. Tsoro ya kama shi, tsoron da bai taɓa ji ba, don ya san in ya ruga ba shi za ta bi ba. Ni za ta je wa.

"Inna Tambai," ya ce.

Tulun ya ɗan karkata. Ko ɗigo bai zuba ba.

"Wa ya ba ka sunana?"

"Ni na rufe. Ki gafarce ni. Ki biyo ni, zan buɗe."

Sai ta ce, "Wuce gaba."

Ya bar keken a nan. Ya ce bai waiwaya ba. Yana dai jin taku a bayansa, caɓ, caɓ, kamar mai tafiya cikin taɓo. Hanyar ta bi ta bakin layinmu. Kukana na fitowa, siriri, kamar na ɗan mage. Takun ya tsaya.

"Inna, ƙofa tukuna," in ji Baba. "Don girman Allah, ƙofa tukuna."

Ya tsaya yana jira. Sai ya ji caɓ. Ta biyo.

A gidan tarihi makulli ya faɗi daga hannunsa, ya lalubo. Ya wuce sulke, ya wuce tambari, ya shiga ɗakin ƙarshe. Ya zaga ta ɓangaren gari, ya kama ƙyauren ya ja. Ko motsi. Ƙyauren da ya tura da hannu ɗaya! Ya sa ƙafa a bango ya ja har farcensa ya ɓalle. Kamar an gina shi da ƙasa.

Sai aka buga daga ɗaya ɓarin. A hankali.

"Jatau, buɗe. Yarinya ba ta sha ba."

Nan Baba ya tuna abin da yake gaya wa 'yan makaranta kullum. Ranar mahara ba a yi kira ba. Tun ranar take bin garin bashin kiran nan. Ya kafa goshi a jikin itacen, ya ɗaga murya kamar yadda kakanni ke yi.

"Da saura a waje?"

Shiru.

"Da saura," aka ce.

Ƙyauren ya saki da kansa. Tafin hannu, bai ƙara ba. Sanyi ya shigo. Sai ga ta a gefensa, bai ga yadda ta wuce ba.

"Ina ɗiyata?"

Baba ya ce da ma wannan kaɗai ya iya a duniya, ba da labarin garin nan. Sai ya ba ta.

"Ta rayu, Inna. Talle ake ce mata."

"Wa ya ba ta nono?"

"Matan unguwa, bi da bi. Ba ta kwana da yunwa ba."

"Ta yi tafiya?"

"Ta yi tafiya, ta yi aure, ta haihu. Sai da ta ga jikokin jikokinta, ba haƙori ko ɗaya a bakinta, sannan Allah ya karɓi abinsa. Wadda kike jin kukanta jininta ce, shi ya sa muryar ta yi kama. Amma tawa ce, Inna. Ita ke nan gare ni. Tana da uwa, nonon uwar na zuba."



"Ba wanda ya taɓa gaya mini," in ji matar. "Shi Jatau fa?"

"Kullum magariba a bakin kafar nan yake zama. Har ya mutu."

"Na ji kukansa ran nan, ta bayan itacen. Ya ɗauka ban ji ba."

Ta sa hannu biyu ta sauke tulun, ta ajiye a gindin ƙyauren. Ta murza wuyanta kamar wadda ta daɗe da kaya.

"Ka shafa wa yarinyar ruwan nan a ka. Na riga na taɓa ta jiya, sai haƙuri."

Baba ya durƙusa ya ɗiba a tafin hannunsa. Da ya ɗago, babu kowa. Muryar kawai ta zo, daga nesa, daga ƙasa.

"Ka bar mini kafata. In aka sake rufewa, na san gidan."

Ya mayar da dutsen da ƙafa. Ya ruga gida da ruwa a dunƙule a hannu, bai zube ba. Ya tarar mata sun cika ɗaki, Inna ta rungume ni, na daina ko kukan. Ya shafa mini a maɗiga. Suka ce na yi atishawa, na juya kai, na kama nono kamar zan cinye uwata.

Malamai sun ce matacce ba ya dawowa, aljanar rijiya ce ta ɗauki muryar Tambai da baƙin cikinta. Ni ban musa ba, su suka yi karatu. Amma gobe ka duba gindin ƙyauren, Ilu. Tulun na nan. Ba mai zuba masa ruwa, kuma bai taɓa bushewa ba.

*

Yaya Hansai ta gama labarinta. Ilu ya yi ƙarfin hali ya ce, "Ƙarya ne."

"Kawo hannunka."

Ta zame ɗankwalinta, ta kama hannunsa ta ɗora a tsakar kanta. Ya fizge kamar ya taɓa wuta. Ni ma na taɓa. Ana zafin da ko riga ba ka so a jikinka, amma wurin nan, daidai faɗin yatsu uku, sanyi ƙalau kamar gindin randa.

"Hanyar tsohuwar rijiya," in ji ta tana ɗaura ɗankwali, "in rana ta faɗi, ko da gudu kada ɗayanku ya bi ta shi kaɗai. Ƙyaure kuma a bar shi yadda aka gan shi. Gidan da ta sani an rushe shi tuni. Yanzu nan nake kwana, tare da ku."

A daren nan Goggonmu ta zo rufe ƙofar ɗakinmu, Ilu ya tashi zaune.

"Goggo, tsaya. Ki tambaya tukuna ko da saura a waje."