Indararon Ɗakin Inna

Taƙaitaccen abin da ya faru shi ne: a garin Babban Mutum, cikin shekarun farko da aka dawo da shari'a, lokacin da mutane suka fara sanin hanyar kotu fiye da hanyar zauren maƙwabcinsu, an juya bakin wani indararo daga gabas zuwa yamma. A sakamakon haka katanga ta faɗi, rumbu ya jiƙe, dattawa biyu suka daina gaisawa, wani aure kuma da aka sa wa rana bai kai ga ranarsa ba. Ba a yi asarar rai ba. Cikakken bayani ga shi.

Raihana, 'yar Malam Hamma, ta tsaya a kan tarin ƙasar da a makon jiya ake kira katanga, laka har idon sawunta. Ta ɗaya gefen Harisu ne, ɗan Alhaji Badaru, wanda aka sa musu rana bayan kaka. Yana ta murza tsumman da yake goge baƙin mai da shi a wurin gyaran babura, kamar tsumman ne ya yi masa laifi.

"Yaya Harisu, gobe za a shiga gaban alƙali."

"Na sani, Rai."

"Me za ka ce?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ka dube ni mana. Yanzu ai babu katanga, ba abin da ya tare ka."

"Gaskiya zan faɗa..."

"Wacce? Ta gidanku, ko ta kan rufin?"

"Haba, hasken idona. Kin taɓa jin na yi miki ƙarya?"

"Ƙarya ban taɓa ji ba. Gobe ce na ji da yawa."

Ya yi murmushin da bai kai ido ba. "Wannan goben daban ce. Na rantse miki da..."

"Kada ka rantse. Rantsuwa ta yi arha a garin nan. Ka dai zo."

Asalin maganar tun bazara ne. Ɗakin Inna, mahaifiyar Raihana, rufin ƙasa ne a kan azara, kuma ya tsufa. Duk damina yana yoyo a kan gadonta, indararonsa kuma yana zuba daidai bakin ƙofa, har sai an jera duwatsu kafin a shiga. Malam Hamma mutum ne mai haƙuri, musamman da ruwan da ba a kansa yake zuba ba.

Harisu ya samu damar nuna kansa. Ya kira gayya, kamar yadda saurayin kirki yake yi wa surukai. Abokansa suka zo da sassafe, aka kwaɓa ƙasa, aka sake azarar da gara ta ci, aka yi yaɓe aka shafe da makuba. Raihana da ƙawayenta suka dama fura, ana miƙa ta sama ana tsokana.

"Amarya, wannan furar ta ango ce ko ta leburori?"

"Ta mai aiki ce. Ango ya sauko ya ɗauki tasa in ya ga ya yi aikin."

Da aka zo kan indararo, Harisu ya leƙo daga sama, fuskarsa duk ƙasa.

"Rai, daga bana Inna ba za ta sake taka ruwa a ƙofarta ba."

Ya cire shi daga gabas, ya huda bayan ɗakin ya dasa shi yamma, bakinsa yana kallon gindin katangar da ta raba gidan da nasu. Bayan katangar kuwa rumbun geron mahaifinsa ne.

"Ruwan fa ina zai bi?" in ji Raihana.

"Gidanmu ne, ai ba baƙo ba ne. Gobe zan haƙa masa kwata ya fita lungu."

Malam Hamma yana gona a lokacin. Da ya dawo ya ga rufi sabo, ya sa albarka, bai zagaya baya ba. Ba a bincika kyautar suruki kamar akuyar kasuwa.

Akwai wadda ta zagaya. Zubaida, 'yar ƙanwar Alhaji Badaru, a gidansa ta tashi, kuma tun tana ƙarama ta ɗauka cewa Harisu yana cikin kayan gidan da za su zama nata. Tana shanya a gindin rumbu ta ɗaga kai ta ga bakin indararo, ta gane inda ruwa zai sauka, ta kwashe shanyarta ta koma ciki. Ba ta ce wa kowa komai ba. Yarinya ce mai tarbiyya, ba ta sa baki a aikin maza.

Gobe ta zo, Harisu ya tafi Zango sayen kayan babur. Wata goben aka kawo masa aiki. Sannan ruwan farko ya sauka, na biyu ya bi shi, na uku ya wuni yana zuba. Katanga ta jiƙa daga gindi, ta kwanta a kan rumbu, gero ya kwana a cikin laka.

A nan ne Zubaida ta samu baki.

"Kawu, ni fa na gani ranar gayyar. Daga cikin gidan Malam ake ta cewa a juya shi can, a juya shi can. Yaya Harisu kunya ce ta hana shi musu. Ka san yadda suke juya shi..."

Alhaji Badaru bai tambayi ɗansa ba. Uban da ya san amsa ba za ta yi masa daɗi ba yakan tsallake tambayar. Mai unguwa ya nemi a zauna a zaure a sasanta, Alhaji ya ce zamanin zaure ya wuce, yanzu akwai shari'a. Ya hau mota ya tafi Baure, inda kotu take.

Ranar zaman, Raihana ta zauna a bencin mata kusa da Inna, ta ja mayafi har goshi. Alhaji ya yi da'awa cewa maƙwabcinsa ya juyo masa ruwa da gangan. Malam Hamma ya miƙe da ƙyar.

"Allah ya gafarta Malam, ni ina gona. Hannuna bai taɓa indararon nan ba, bakina bai yi umarni ba. Yaron nan ne ya yi, da kyakkyawar niyya. 'Yata tana wurin."

Alƙali ya ce shaidar 'ya ba ta karɓuwa don amfanin ubanta. Abokan gayyar kuwa, da aka neme su, an tarar kowannensu yana da uzuri a wani gari, domin rabinsu a gonar Alhaji suke ƙwadago. Saura mutum ɗaya.

"Harisu, kai ne a kan rufin. Wa ya ce a juya shi?"

Harisu ya dubi mahaifinsa. Alhaji bai dube shi ba, ya dai gyara zaman hularsa. Harisu ya dubi bencin mata. Raihana ta ɗaga mayafinta kaɗan, don ya ga idonta.

"Allah ya gafarta Malam... mu da yawa ne a sama. Ana ta surutu. Ba zan iya cewa ga wanda ya fara faɗa ba."

Ba ƙarya ba ce tsantsa. Su da yawa ne, kuma an yi surutu. Wannan shi ne abin da ya fi ci wa Raihana rai: ya nemo hanyar da zai bi tsakanin gaskiya da ƙarya, ya wuce bai taɓa ko ɗaya ba, ya bar mahaifinta a tsaye.

Alƙali ya ce tunda mai da'awa ba shi da cikakkiyar shaida, wanda ake ƙara ya rantse ya tafi gida. Aka ɗauko Alƙur'ani.

Malam Hamma ya daɗe yana kallonsa.

"Ubana bai taɓa dafa shi a kan dukiya ba. Ni ma ba zan fara a kan ƙasa da gero ba. Zan gina katangar. Zan biya geron."

Inna ta sayar da awakinta. Aka kira magini, Malam Hamma da kansa yake kwaɓa ƙasa, Raihana take ɗebo ruwa daga rijiya. Katangar ƙasa ba a gina ta rana ɗaya. Sai a ɗora layi, a bari ya sha iska, kashegari a ɗora wani. Saboda haka duk la'asar, in magini ya tashi, Harisu yakan zo ta gefensu ya tsaya.

Da katanga take gwiwa, ya ce, "Rai, ki fahimce ni. Mahaifina ne. A gaban jama'a zan ƙaryata shi?"

"Nawa kuma a daji aka tsinto shi?"

"Ba haka nake nufi ba, zuciyata."

"To yaya kake nufi? Ka hau rufin uwata, ka ce daga bana ba za ta taka ruwa ba. Ka cika alkawari. Bana hawaye take takawa."

Da katanga ta kai ƙugu, ya zo da labarin cewa ya sayar da babur ɗinsa, zai kawo wa Malam abin da aka kashe a ɓoye.

"A ɓoye," in ji ta. "Komai naka a ɓoye. Laifin ne kawai ka bar mana a fili. Ka je zauren mai unguwa, gaban Baba da Alhaji, ka ce ni na juya shi. Kalma huɗu ce, Yaya Harisu. Ba sai ka sayar da komai ba."

"Zan faɗa. Ki bari Alhaji ya huce. Gobe..."

Ta ɗauki tulunta ta shige.

Da katanga ta kai ƙirji, gwaggon Harisu ta zo ta ce Alhaji ya ce ba a haɗa jini da gidan da aka tsaya da shi gaban alƙali. Malam Hamma ya ce ya riga shi, bai dai samu ɗan aike ba ne. Inna ta fito da akwatunan lefe, ta share musu ƙura da gefen zanenta, aka fita da su da rana tsaka, unguwa tana kallo. Zubaida ce ta karɓe su a ƙofar gida. An ce ta taya jerawa da kyau ƙwarai.

Da katanga ta kai tsayin mutum, idanunsa kawai Raihana take gani, su ma sai ya yi ɗage.

"Mu gudu Kano, Rai. Ko mu tsallaka Nijar, akwai abokina. Ba zan iya rayuwa babu ke ba."

"Ka iya. Na ga ka iya a kotu."

"Ki tausaya mini..."

"Na tausaya maka, wallahi. Shi ya sa ba zan bi ka ba. Mutumin da bai iya haƙa kwata daga nan zuwa lungu ba, shi zai haƙa mini hanya zuwa Kano?"

Ta ga idanun sun cika. Nata ma sun cika, amma ba ta yi ɗage ba, don haka bai gani ba.

Ranar da za a ɗora layin ƙarshe, magini ya ce tsawon ya kai yadda yake a da. Raihana tana zuba ruwa a kwaɓi, ta ɗago.

"Baba, a ƙara layi ɗaya."

Malam Hamma ya dubi 'yarsa, ya dubi magini. "Ka ji. A ƙara."

Da la'asar ta ji takunsa ta bayan katanga.

"Rai?"

Tana tsaye daf da ginin, tafin hannunta a kan ƙasar da ba ta gama bushewa ba.

"Rai, na san kina nan. Ki ce wani abu, ko zagi ne."

Ta janye hannunta. Shatin yatsunta biyar ya zauna a jikin katangar, kuma yana nan har yau, ta gefen gidan Malam Hamma. Harisu bai taɓa ganinsa ba.

Bayan kaka aka ɗaura aure a gidan Alhaji Badaru, a ranar da aka sa tun farko, da lefen da aka haɗa tun farko. Amaryar kawai aka sauya. Raihana ta yi aure bayan damina biyu, can wajen Zango, gidan mutumin kirki da ke rufin kwano. Mata sun ce ta yi dace.

Abin da aka kashe a wannan al'amari shi ne:

Katanga ɗaya, an sake ta, har da ƙari.

Gero dami goma sha biyu, an biya.

Awakin Inna uku, ba su dawo ba.

Babur ɗaya, an sayar ba tare da ya gyara komai ba.

Gaisuwar maƙwabta biyu da suke sahu ɗaya a masallaci, har yau ba a dawo da ita ba.

Yarinya ɗaya, mai yawan dariya a da.

Indararon kuwa lafiyarsa ƙalau. An mayar da shi gabas, yana zuba a bakin ƙofar Inna kamar yadda ya saba. A cikin duk waɗanda abin ya shafa, shi kaɗai ya koma inda yake.