Ƙullin Jirgin Ruwa a Sheshe

Liman bai kai rabin huɗuba ba suka faɗa gidan Alhaji Tajuddeen da ke Sheshe. Su uku ne. Ashafa a gaba da bindiga cikin hannun riga, Ɗayyabu ya tsaya a zaure yana gadin babura, sai Gidaɗo a tsakiya, fuska naɗe da rawani. Lungun tsit, maza duk sun tafi Juma'a.

Gidaɗo ne ya kawo harkar, abin kunyar ke nan. Da can shi yaron jirgin Alhaji ne. Alhaji na da jirgin ruwan shaƙatawa a Legas, irin mai doguwar sanda da ƙaton ƙyalle wanda iska ke turawa, yana ajiye shi a marina, wato matsayar irin waɗannan jirage a bakin teku. Duk hutun yara sai ya kwashi iyalinsa kaf su tare a masaukin wurin, kullum da hantsi su fita teku, sai la'asar sakaliya su dawo. Gidaɗo ke wanke jirgin, shi ke jan igiya, shi ke ɗaure shi in an dawo. Har ranar da aka kama shi yana sayar da man injin, Alhaji ya sallame shi salin-alin, bai tona masa asiri ba.

Gidaɗo ya dawo Kano amma ya kasa shiga gida. Da wane ido zai dubi uwarsa, Inna Kulu mai fura, wadda ta yi ta zarya wurin Hajiyar gidan har ta samo masa aikin? Sai ya maƙale a ɗakin abokinsa Ashafa a Goron Dutse, yana tura tsofaffin hotunan teku a wayar ƙanwarsa, don tsohuwa ta ɗauka yana can. A ɗakin nan ya yi suɓutar baki. Ya gaya musu kyamarorin gidan da wayar Alhaji suke magana, kuma da zarar jirgi ya yi nisa a teku babu sabis. Ɗayyabu ya ce ai ranar Juma'a Alhaji ba zai fita ba. Gidaɗo ya yi dariya ya ce Alhaji in yana Legas matafiyi yake ɗaukar kansa, ko Juma'a a kan ruwa take riskarsa. Ashafa ya dafa kafaɗarsa ya ce ba yawa, a wuce wurin kawai.

Abu biyu ne ba su lissafa ba. Na farko, a cikin birni ba a kulle gida a tafi haka kawai, sai an bar wa wani amana.

Ashafa ya banke ƙofar tsakar gida — gwaram! Wata tsohuwa na durƙushe tana zuba wa tattabaru dawa. Ta ɗago. Gidaɗo ya dubi fuskar. Inna Kulu ce.

"Kwanta, tsohuwa, kin yi ihu kin mutu," in ji Ashafa. Ya fizge igiyar shanya ya jefa wa Gidaɗo. "Ɗaure ta, baaba. Yi sauri dalla."

Gidaɗo ya san in ya yi magana muryarsa za ta tona shi. Ya durƙusa a bayanta. Hannun nan da ya yi masa wanka yana jariri, shi ya kama ya haɗa da ɗan'uwansa. Tana ta salati ƙasa-ƙasa. Hankalinsa ba ya jikinsa, yatsunsa ne kawai suka yi abin da suka saba: ya zagaya, ya lanƙwasa, ya sako bakin igiyar ta cikin hanci. Ƙullin ɗaure jirgi, wanda ke riƙe tamau amma ja ɗaya ke kwance shi. Ya tura mata bakin igiyar cikin tafin hannu.

Salatin ya tsaya cak. Yatsunta suka bi ƙullin suna shafawa. Duk Sheshe babu mai irin wannan ƙulli sai wanda ya zo hutun Babbar Sallah ya ɗaure mata akuya da shi, yana yi wa ƙanwarsa burga. A nan Gidaɗo ya san ta gane shi, ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige.

Na biyun da ba su lissafa ba kuwa, ranar iska ba ta kaɗa a Legas ba. Teku ya kwanta luf kamar ruwan randa. Alhaji na zaune a bakin marina, yaran na ta ƙorafin ba a fita ba, sai wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya ga ƙato da bindiga a falonsa. Kafin Ashafa ya gama fasa durowar Hajiya, an riga an kira ofishin 'yan sanda. Motarsu ba ta shiga lungu, don haka Sufeto Hashim ya sauke mutanensa a bakin titi suka taho da gudu.

Ashafa ya fito da jaka cike da gwala-gwalai. Tsohon ɓarawo ne, kallo ɗaya ya yi wa tsohuwar da ta daina rawar jiki ya gane akwai magana. Ya tambaya ko ta san wani a cikinsu. Ta kau da fuska. Ya ɗaga bindiga. Gidaɗo ya yi tsalle ya shiga tsakani, ya ware hannuwa.

"Uwata ce, Ashafa."

Ashafa ya yi tsaki. Daga zaure Ɗayyabu ya ƙwala kira a ware, ga su nan tafe. Ashafa ya ja da baya, ya fice, ya jawo ƙofar ƙarfen — ƙarap! Ya saka sakata ta waje. Babur ya tashi. Can sai harbi — tau! tau! Sai ihu, sai ƙarar babur ɗaya yana nisa.

Katangar bayan gida ba ta fi ƙarfin Gidaɗo ba, wanda ke hawa sandar jirgi ana iska. Amma ko kallon katangar bai yi ba. Inna Kulu ta ja bakin igiyar, ƙullin ya warware. Ta tashi, ta naɗe igiyar tsaf, ta gyara mayafinta, ta juya masa baya. Ya cire rawanin. Ya ce ta yafe masa, ya ce korarsa aka yi, ya ce kunya ce ta hana shi zuwa gida. Hawaye da majina sun haɗe masa. Ita kuwa tattabarun ta fuskanta, ta ce musu jiya-jiyan nan ta nuna wa matan unguwa hoton ɗan nan a kan teku, har suna sa masa albarka. Wallahi da bulala ta sa masa da ya fi sauƙi.

Aka zare sakata. 'Yan sanda suka danne shi, suka sa masa ankwa. Aka fito da shi daidai lokacin da aka sauko daga masallaci, lungu cike da manyan riguna, duk waɗanda suka san shi tun yana tsirara. Ɗayyabu na kwance a bakin kwata cikin jini, an rufe masa fuska da kwali. Ashafa ya cika wandonsa da iska, gwal ɗin kuma har yau ba a gan shi ba.

Sufeto Hashim ya tambayi Gidaɗo sunansa, shi kuwa ya sunkuyar da kai kawai. Sai Sufeton ya juya ga tsohuwar ya ce, "Inna, kin san shi?"

Mutanen lungu suka kau da kai, don kowa ya san ɗan farinta ne, kuma Bafulatana ba ta kama sunan ɗan fari ko da wasa. Tun da ta haife shi "ɗan nan" take ce masa. Mai unguwa ya matso zai amsa a madadinta, ta ɗaga masa hannu.

"Na san shi," ta ce. "Sunansa Gidaɗo. Ni na haife shi."

Shekara talatin yana son ya ji sunansa a bakinta. Sai yau ya ji, da ankwa a hannunsa, aka ja shi zuwa mota.