Kwalin Shinkafar da Ya Kusa Raba Su

A kasuwar Damagaram Tahiru ya fara ganin Sakina, ta sauke ƙwaryar zogale tana gyara mayafi. Shi yaron kantin Bature ne, mai baki kamar ganga, amma ran nan ko sallama ta gagare shi.

Ta ce, "Malam, zogale za ka saya ko kallo?"

"Wallahi kallon ya fi ƙarfina, Hasken Gidimuni," in ji shi, don ya ji ana kiranta 'yar Gidimuni.

Daga nan sai soyayya. Da ya tashi gaida mahaifinta, Malam Nomau, ya ɗauki abin da ya fi daraja a kantinsu: shinkafar kwali, fara fat, wadda sai gidan kumandan, Baturen mulki, ake dafa ta. Kai, ɗan birni! Ina ma ya yi tambaya.

Tsohon ya dubi kwalin, fuska ta ɓaci. "Yaro, rumbuna ka leƙa ka ga babu, da za ka kawo mini tsaba? Ba na ba da 'yata ga mai ganin muna kwana da yunwa."

Tahiru ya koma birni zuciya ta karye. Ga Gambo mai shanu ya fara zarya gidan neman Sakina. Ana haka Gwaggo Indo, ƙanwar Nomau, ta shigo kanti da saƙon baki.

"Sakina ta ce in gaya maka: 'Nawan, ka zo hannu wofi, ciki wofi. Ni kai nake so.'"

Haka ya je, ko koko bai sha ba. Ya durƙusa ya ce, "Baba, yunwa ce ta kawo ni."

Aka kawo dambun gero da zogale ya rinjaya, ga ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ya kai loma, ya tsaya cak. Bai taɓa cin abu mai daɗin wannan ba. Ya suɗe akushi, ya cire kunya ya nemi ƙari.

Malam Nomau ya kama hannunsa zuwa gindin rumbu, ya ɗaga murfinsa. Damman gero ne jere har sama, na bana a kan na bara, na bara a kan na shekarun fari. Tahiru ya saki baki, sai "Allahu akbar" yake ta faɗi, idonsa ya cika da ƙwalla.

A shekarar samun 'yancin kai aka ɗaura aure. Cikin garar amarya sai ga kwalin nan, ko buɗe shi ba a yi ba.

Tsohon ya ce, "Ajiye shi, ɗana. Ran da na zo gidanku, ka ciyar da ni. Allah ya cika muku rumbu."

Sakina ta yi dariya ƙarƙashin mayafi, kowa ya ce amin.