Fanken Ƙarshe a Shagon Anti Fumi

Akwati biyu, tukunyar dafa shinkafa, bargo, takalman aiki, da wani fure a kasko da ya ƙi shiga ko'ina sai kujerar gaba. Abin da Leanne Shigeta ta loda a mota ke nan da safiyar Asabar, ta hau titi ba tare da ta san inda ta nufa ba.

Yau saurayinta Ruben zai bar garinsu, Gardena. Ya samu aikin babban mai yanka kifi a wani gidan sushi, abincin Japanawa na shinkafa da ɗanyen kifi, a can birnin Sacramento mai nisa. Ranar Alhamis tana zaune a gaban kantarsa, a ɗan shagon unguwa da yake aiki, ya ajiye mata dunƙulen shinkafa da yankan kifi a kai, ya ce ta biyo shi su yi aure a can.

"A'a, kar in zame maka nauyi," ta ce.

Ta jira ya sake tambaya. Shi kuwa ya ce "To," ya goge wuƙarsa, ya juya wajen wani mai cin abinci.

Tun ranar ba su yi magana ba. Amma ga ta da kaya a mota.

Ta tsaya a ƙofar shagon Anti Fumi, inda ita da mahaifinta suke karya kumallo kowace Asabar tun rasuwar mahaifiyarta. Tsohon yana teburinsu na jikin taga, ya riga ya sa an kawo ƙwai, shinkafa da fanke.

Anti Fumi ta zo da butar kofi, ta leƙa waje.

"Ƙaura za ki yi, ko kasuwa za ki ci da kayan nan?"

"Ban sani ba, Anti."

"Ba ki sani ba! Glenn, ka ji 'yarka?"

"Na ce mata ta tafi," in ji mahaifin, idonsa a kan ƙwansa. "Ni ba yaro ba ne. Na iya dafa shinkafa."

Leanne ta dube shi. A gidansu idan mutum ya ce "tafi", ba lallai tafi yake nufi ba, kamar yadda "na ƙoshi" ba ƙoshi ba ne. Al'adar da kakanninta suka zo da ita daga Japan ke nan, haka aka rene ta: ba a karɓar abu a miƙawar farko, ba a kuma faɗin abin da rai ke so. To wannan "tafi" na Baba, wanne ne?

Suka ci abincinsu. Fanke ɗaya ya rage a faranti.

"Ɗauki, Baba."

"Ke dai ɗauki."

Ba wanda ya taɓa.

Ƙofa ta buɗe, Ruben ya shigo riƙe da ɗan kwali, ƙamshin ruwan tsami yana binsa. Da ya ga Leanne ya ɗan tsaya, sai ya wuce kai tsaye wajen tsohon.

"Baba, sallama na zo yi. Ga wannan, da asuba na zaɓo kifin da kaina."

"Kai, a'a. Ka wahalar da kanka. Ba zan iya karɓa ba."

"To, shi ke nan," Ruben ya ce, ya mayar da kwalin ƙarƙashin hammatarsa.

Hannun tsohon da ya fara ɗagowa ya tsaya a iska.

Anti Fumi ta fashe da dariya har kofi ya zube a tebur.

"Wayyo cikina! Kai yaron nan, shekara nawa kana yi wa mutanenmu sushi ba ka koyi komai ba? Sake miƙa masa! Tun da ka shigo idonsa ke kan kwalin nan!"

"Amma ai ya ce a'a..."

"To sai me? Ni sai da mijina ya gaji da tambaya na amsa, alhali tun ranar farko na ɗinka rigar biki!"

Ruben ya miƙa kwalin a hankali. Tsohon ya ƙara nuna ƙi kaɗan, sannan ya karɓa da hannu biyu.

Sai Ruben ya juya. Ya dubi Leanne, ya dubi motar da ke waje da fure a kujerar gaba.

"Ranar Alhamis... ke ma haka ne?"

"Ai ba ka sake tambaya ba."

"A gidanmu idan mace ta ce a'a, an gama! Kwana biyu ban ci abinci ba, Leanne!"

"Ni ma na ci ne?"

Ya durƙusa gefen teburin, tsakanin kujera da ruwan kofin da ya zube.

"To ga ta biyu. Masoyiyata, ki biyo ni."

Ta buɗe baki. Ta ga gashin mahaifinta da ya yi fari, ta ga kujerar da za ta zama ba kowa kowace Asabar.

"A'a," ta ce.

Ruben ya waiwayi Anti Fumi. "Wannan fa? Ta gaske ce?"

"Kar ka tambaye ni, ɗana."

Ita kanta Leanne ba ta sani ba. Bakinta ne ya saba, ko zuciyarta ce ta yi magana? Hawaye suka zubo, ta share da bayan hannu cikin jin haushin kanta.

Mahaifinta ya miƙa cokali, ya ɗauke fanken da ya rage, ya kai baki. Tunda take ba ta taɓa ganin ya yi haka ba.

"Ya huce, ba daɗi," ya ce. "Haka muka yi ta yi da mamanki. Tana son mu koma bakin teku, ba ta faɗa ba, ni ma ban matsa ba, har ta rasu a nan." Ya ajiye cokalin. "Ki saurara, sau ɗaya zan faɗa. Ba na so ki tafi. Gidan zai yi mini girma."

"Baba..."

"Ban gama ba. Idan kika zauna saboda ni, ba zan ji daɗin ganinki ba. Duka biyun gaskiya ne. Ba zan zaɓar miki ba."

Ta jima tana kallonsa. Sannan ta miƙe, ta sunkuya ta rungumi kansa. Bai rungume ta ba, ya dai dafa hannunta ya matse.

Ta fita. Ruben ya biyo ta da sauri har bakin mota.

"Zuciyata, in sake tambaya ne? Wallahi na rasa gane inda muke..."

Ta shiga, ta ja ƙofa ta rufe, ta sauke gilashi.

"Kar ka sake tambaya. Zan bi ka. Shiga gaba da motarka, ban san hanya ba."