Hotunan Bikin Rukayya

Saura kaɗan kyamarar ta suɓuce daga hannun Badi'a.

"Ci gaba da dannawa mana," in ji Bushira, tana leƙowa ta bayan kafaɗarta. "Ai ba ki ga komai ba tukuna."

A zauren gidan Goggo Furera suke tsaye, a Gude, ranar wunin bikin Rukayya. Zayyad mai hoto ya tafi sallar la'asar, ya bar wa Badi'a ajiyar kyamararsa, don duk gidan an san ita yake nema. Bushira kuwa 'yar baffansa ce, ta biyo shi daga Gwarzo wai za ta taya shi riƙe jaka.

Badi'a ta ƙura wa ɗan allon bayan kyamarar ido.

Ga ta tana gyara ɗankwali.

Ga ta tana dariya, baki buɗe.

Ga ta da lomar waina a hannu!

Ko ɗaya ba ta san lokacin da aka ɗauka ba. Kowanne da 'yar alamar makulli a kusurwarsa.

"Mene ne wannan makullin?"

Bushira ta taɓe baki. "Na nunawa ne. Waɗanda yake ware wa abokansa a majalisa. Wallahi ni tausayinki nake ji, ba wanda bai san haƙoranki ba a bakin tashar Gwarzo."

Badi'a ta ga maɓalli mai hoton kwandon shara, ta danna. Zaɓi biyu suka fito, wannan kaɗai ko duka. A tunaninta duka na nufin duk hotunanta da take kallo. Ta zaɓi duka. Allon ya sake tambayarta ko ta tabbata.

Ta tabbata.

'Yar fitila ja ta yi ta ƙiftawa, sannan ta tsaya.

Ta matsa gaba, fuskarta. Ta koma baya, fuskarta. Babu amarya, babu kamu, babu ɗaurin aure. Hotunan kwana uku sun tafi, nata talatin da ɗaya ne kawai suka rage.

"Innalillahi..."

Ta waiga, Bushira ta riga ta shige cikin mata.

Sallamar Zayyad ta ji. Ya shigo yana murmushi, da ya ga fuskarta murmushin ya ɗauke.

"Badi'ata, lafiya?"

Ta miƙa masa kyamarar. Ya duba, ya daɗe yana dubawa. Sai ya kashe ta, ya zare katin da hotuna ke zama a ciki, ya naɗe shi a takarda ya sa a aljihun gaba.

"Makullin nan kariya ce," ya ce a hankali. "Duk hoton da ke da shi ba ya goguwa. Sauran ne suke tafiya."

"Nawa na so in goge... wallahi nawa kawai!"

"Na sani. Ki yi shiru, kada ki faɗa wa kowa."

Kafin ta ce wani abu Goggo Furera, uwar amarya kuma ƙanwar mahaifin Badi'a, ta fito tana kiran mai hoto ya zo dangin ango sun iso.

Zayyad ya durƙusa.

"Hajiya, a yi haƙuri. Hannuna ya kuskure, na goge hotunan."

Ihun da Goggo ta yi har masu kiɗan ƙwarya sai da suka tsaya.

Kafin kwana biyu labari ya zaga Gude, ya kai Kabo. Malam Jalo, mahaifin Badi'a, dama can bai so maganar ba. Ya sha cewa mutumin da sana'arsa shiga cikin matan mutane ba ya yi masa kama da suruki. Yanzu ya samu hujja.

"Wanda ya kasa riƙe amanar hoto, shi zan ba amanar 'ya? A gaya masa kada ya sake tako mini ƙofar gida."

Badi'a na jin sa daga ɗaki.

Kalma ɗaya za ta wanke Zayyad, ta kasa furta ta. Kuma abin da ya fi damunta, ba ta huce ba. In ta tuna yadda ya durƙusa ana zazzaga masa faɗa saboda ita, sai hawaye. In ta tuna hoton lomar waina da majalisar bakin tasha, sai ta ji gara ma da aka yi masa. Ta rasa wanne ne gaskiyar zuciyarta.

Rana ta huɗu Goggo Furera ta yafa mayafi.

"Tashi ki raka ni Gwarzo. Yau ko ya fito mini da hotunan 'yata ko unguwarsu ta ji mu."

Shagon ɗan ƙarami ne, janareta na ruri a waje. Zayyad na zaune gaban kwamfuta, idanunsa sun faɗa. Ya miƙe da sauri ya gaishe da Goggo, ta amsa da ƙyar.

"Ina hotuna?"

"Suna hanya, Hajiya, in Allah ya yarda." Ya ɗago wani faifai daga kwalin kyamarar. "Wannan tare da katin ya zo, shekara biyu ban taɓa buɗe shi ba. Ashe akwai manhajar da ke tono abin da aka goge, muddin ba a ɗauki wani sabo a kai ba. Shi ya sa na zare katin nan take. Sau biyu tana tsayawa a hanya, wannan ne na uku."

Goggo ta leƙa. Wani ɗan layi kore ne ke tafiya a allon kamar ba ya so.

"Wannan abin mai tafiyar hawainiya shi zai dawo mini da biki?"

"Shi ne, Hajiya."

Suka zauna a benci. Can sai ƙananan hotuna suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Ga Rukayya cikin leshi ruwan zuma. Ga 'yan ɗaurin aure a ƙofar masallaci.

"La ilaha illallahu!" in ji Goggo. "Ga ni nan! Kai, wa ya ce ka ɗauke ni ina hamma?"

Zayyad ya yi dariya, karo na farko. Amma da layin ya kai ƙarshe sai ga matsala. Hotunan kamu sun dawo a yage, rabi hoto rabi toka. Har da wanda kakar Rukayya ta rungume ta tana kuka.

Fuskar Goggo ta canza. "Tsohuwar nan da ƙyar aka ɗauko ta daga Dugabau. Kai wane irin sakarai ne? Ka san..."

"Goggo, ni ce."

Su biyun suka juyo suna kallon Badi'a.

"Ni na goge. Shi bai taɓa komai ba."

"Badi'a!" in ji Zayyad.

"Ka bar ni!" Ta juyo gare shi, hawaye na zuba. "Kai kuma ka faɗa mini a gaban Goggo. Su wa ka nuna wa hotunana? Bushira ta ce duk majalisarku an gani."

Ya dafe kai. "Bushira... Wallahi, rabin raina, ko mahaifiyata ba ta gani ba. Na kulle su ne don ina tsoron in rasa su." Ya sunkuyar da kai. "Amma ban tambaye ki ba kafin in ɗauka. Kwana huɗu ina neman uzurin da zan ba kaina, ban samu ba. Son da nake miki bai ba ni izini ba."

Ya kunna kyamarar, ya mayar da katin, ya shiga jerin zaɓuɓɓuka ya cire kariyar. Ya miƙa mata.

"Yanzu za su gogu. Naki ne."

Ta karɓa. Ta goge su ɗaya bayan ɗaya, a hankali, tana karanta kowace tambaya kafin ta amsa. Da ta gama ta ajiye kyamarar a kan tebur.

"In kana so, ka tambaya," ta ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Zan tambaya, masoyiya."

Goggo ta yi gyaran murya. "To, sannunku. Ni na zama bango ke nan? Kai, ranar Asabar ka shirya, za mu Dugabau da Rukayya da leshinta, ka sake ɗaukarta da tsohuwa. Ke kuma, mu je gida. Da bakinki za ki gaya wa Yaya."

Ta gaya wa mahaifinta, a durƙushe, ba ta rage komai ba.

Malam Jalo bai yi faɗa ba. Ya aika aka kira Zayyad, ya zo washegari da hantsi. Badi'a ta laɓe a bayan ƙyauren zaure.

"Ka yi wa ƙanwata ƙarya," in ji Malam Jalo.

"Na yi, Baffa."

"Don ka rufa wa 'yata asiri."

"Haka ne."

"Tun jiya nake juya abin nan. In gode maka ne, ko in ji tsoronka? Wanda ya iya ƙarya don ita, wata rana zai iya yi mata."

Zayyad ya ɗago kai.

"Ba ni da amsa, Baffa. Na ga za a kunyata ta a gaban mutane, bakina ya riga tunanina. Da zan ce na yi nadama gaba ɗaya, da na ƙara wata ƙaryar."

Badi'a ta runtse ido. Shi ke nan, ya kashe su!

Sai ta ji dariyar mahaifinta, gajeriya, irin wadda ba kasafai yake yi ba.

"Da ka ce ka yi nadama, da na sallame ka." Ya gyara zama. "Sana'arka har yanzu ba ta kwanta mini ba, kada ka ce na ce. Amma ka gaya wa manyanka ina gida ranar Juma'a bayan an sauko."

Badi'a ta jingina da ƙyauren, ya yi ƙara.

"Ke kuma mai laɓe," in ji Malam Jalo ba tare da ya waiga ba, "je ki kawo wa baƙonki fura."