Motar Da Ba Wanda Ya Kira

Ni ba nas ba ce, ko da yake kowa Sista yake ce mini. Mataimakiya ce a ƙaramin asibitin unguwarmu. Ina buɗe kati, in auna zafin jiki da hawan jini, in ƙirga bugun zuciya, in wanke ciwo. Abin da ya fi ƙarfinmu sai mu rubuta takarda mu tura babban asibiti. Shekara goma sha tara ke nan ina wannan aiki, kuma ban cika yarda da labaran da ake bayarwa a ɗakin hutu ba. Wannan dai a gabana ya faru.

Ranar Laraba ce, rana ta kusa faɗuwa. Na fita zubar da ruwan da na wanke kayan aiki, na dawo na tarar likita yana rataya jakarsa. An kira shi gida, mahaifinsa ya faɗi a banɗaki.

Mara lafiya ɗaya ta rage mana, mai ɗinkin da ke bakin layi. Tun azahar take murƙususu da ciwon ciki ta gefen dama. Likita ya ce sai an yi mata tiyata a daren, mu kuma ba mu da ɗakin tiyata. Ya rubuta takardar turawa, ya ajiye a teburina.

"Maganar mota fa, Sista," ya ce yana sauri.

"To, likita," na ce.

Ya tafi. Muka rage ni da mai ɗinki, da yayarta da ke yi mata fifita, da Baba maigadi a bakin ƙofa. Na duba ledar ƙarin ruwa, na rubuta awo. Zafin jikinta ya ƙaru.

"Yaushe motar za ta zo?" yayar ta tambaya.

Baba maigadi ya leƙo ta taga. "Motar babban asibiti? Hajiya, ki gyara zama. Wancan karon sai da mara lafiyar ya warke da kansa, ya taya su tura ta."

Mai ɗinki ta yi ƙoƙarin dariya, ciwo ya hana ta.

Ko minti goma ba a yi ba sai ga su.

Ban ji ƙarar inji ba. Ban ji an buɗe get ba. Ɗaga kai kawai na yi na ga mutum biyu tsaye a ƙofar ɗakin, da fararen kaya, da takunkumi, da safar hannu. Tsakaninsu gadon tura marasa lafiya.

"Mun zo ɗaukarta," dogon ya ce.

"Alhamdu lillahi!" in ji yayar. Ta fara tattara kwanuka.

"Ku shigo," na ce. Har yau ina nadamar kalmar nan.

Akwai wani tsagi a simintin ƙofarmu. Duk gadon da ya hau shi sai ya yi ƙaras-ƙaras, har mara lafiya ya yi tsaki. Wannan ya wuce shiru.

Na ce a raina sabo ne.

Na ɗauki takardar turawa da biro. Ƙa'ida ita ce in karanta wa mai karɓa awon ƙarshe, ya tambayi abin da aka ba mara lafiya, ya sa hannu, ni ma in sa. Direbobin da na sani kullum cikin mita suke: hanya ba kyau, mai ya kusa ƙarewa, ba su ci abinci ba. Waɗannan ba su yi mita ko ɗaya ba. Ba su kalli takardar ba. Ba su kalli ledar ruwan ba.

Ni suke kallo.

"Daga wane sashe kuke?" na tambaya.

"Ki ce mu ɗauke ta."

"Wa ke bakin aiki yau a ɗakin gaggawa?"

"Ki ce mu ɗauke ta, Sista."

Ɗakinmu warin maganin goge ƙasa yake yi dare da rana. Yanzu wani wari ne daban. Sanyi-sanyi, kamar an buɗe tsohuwar rijiya.

Akwai ɗabi'ar da aiki ya koya mini. Idan zan ƙirga numfashin mutum ba na gaya masa, don idan ya sani zai canza shi. Sai in yi kamar ina duba takarda, idona ɗaya a ƙirjinsa, ɗaya a agogon da ke maƙale a rigata. Ban yi niyya ba, na samu kaina ina ƙirga wa dogon.

Daƙiƙa goma sha biyar. Talatin.

Minti ɗaya cur.

Ƙirjinsa bai motsa ba. Takunkumin bai lotsa ba, ko lokacin da yake magana.

"Bari in ɗauko hatimi," na ce. Muryata ta fita daidai, ban san yadda aka yi ba.

Na shiga ofishin likita, na tura ƙofa, na kira shi a waya. 

"Likita, ƙarfe nawa ka kira motar?"

"Wace mota? Ai ke na bar wa. Na ce miki maganar mota."

"Na ɗauka cewa kake ka riga ka kira."

"Subhanallahi! Sista, ki kira su yanzu-yanzu, matar nan ba ta da lokaci."

Na leƙa ta tagar ofis. Motar tana tsakar gida, fara, fitilarta tana juyawa a sama. Ja, ja, ja. Amma hasken bai taɓa bango ba. A bayanta get ɗinmu a rufe yake, da kwaɗonsa. Baba maigadi yana zaune a bencinsa, ya juya mata baya, yana gyara rediyo.

Na koma da gudu.

Sun matso da gadon har ya haɗu da nata. Yayar ta cire mata bargo, ta tallafo kafaɗarta.

"Sista, ki taimaka mana mana. Sun ce sai kin yi magana."

"Sake ta, Yaya."

"Kamar yaya in sake ta? Kina ganin yadda take!"

"Na ce sake ta."

"Wallahi idan ƙanwata ta mutu a nan saboda wata takardarku, ba zan yafe miki ba!"

Maganar ta shige ni. Idan idona ne ya yaudare ni fa? Idan gajiya ce? Ga mota, ga gado, ga mace tana mutuwa, ni kuma na tsaya ƙirga numfashi.

Na kama wuyan hannun mai ɗinki. Bugun yana gudu, siriri kamar zare. Dogon ya ɗora tafinsa a gefen katifarta. Bugun ya tsallake ɗaya.

Ya matso da hannun.

Ya tsallake biyu.

Mai ɗinki ta buɗe ido. Leɓenta ya bushe. Na sunkuya.

"Kar ki ba su ni," ta raɗa.

Na shiga tsakanin gadajen biyu. Ƙarfen nasu ya taɓa cinyata, sanyinsa ya ratsa riga har ƙashi. Na fara karanta duk addu'ar da ta zo bakina.

Dogon ya sunkuyo. Fuskarsa dab da tawa. Babu ɗumi, babu iska.

"Kalma ɗaya ce."

"Ban sallame ta ba," na ce. "Tana hannuna."



Ruwan leda ya ɗiga. Ya sake ɗiga.

"Za mu jira," ya ce.

Fitilar ɗakin ta yi ƙasa, ta dawo. Babu su, babu gadon. Yayar ta zube a ƙasa tana salati.

Na ƙwala wa Baba maigadi kira. Ya rantse ba wanda ya shigo, ya nuna mini makullin a aljihunsa. Ban tsaya musu ba. Ya ruga ya samo maƙwabcinmu mai tasi. Muka kwantar da ita a kujerar baya, na riƙe ledar ruwa ta taga da hannu ɗaya, ɗayan yana wuyan hannunta har ƙofar ɗakin tiyata. Likitan can ya ce da mun ƙara rabin awa, da wani zancen ake yi.

Ta warke. Bayan sati uku ta zo in duba mata ɗinkin. Ya kame tsaf. Na jawo katinta zan rubuta cewa an sallame ta, sai ta dafe biron.

"A babban asibitin ma na gan su, Sista. Ranar da aka sallame ni suna tsaye a bakin get. Har na sadaƙar. Sai gajeren ya ce wa dogon, ba wannan sallamar ba, ta waccan Sistar muke jira."

Na ajiye biron.

Shekara huɗu ke nan. Lafiyarta ƙalau, har ta ƙara keken ɗinki na biyu. Amma duk farkon wata tana zuwa, in auna ta, in rubuta a ƙasan katin: a dawo wata mai zuwa. Katin ya cika, na liƙa masa wani, na sake liƙa wani. Yana cikin aljihun teburina, ba ya zuwa ɗakin ajiya.

Sau biyu ana ba ni canjin wurin aiki da ƙarin girma, ina ƙi. Abokan aiki suna cewa son unguwa ne ya yi mini yawa. Ina barinsu a haka.

Jiya takardar ritayata ta iso. Saura wata bakwai. Ban gaya wa mai ɗinki ba tukuna.